Jirgin da Injinsa Ya Fi Ƙarfin Ƙafafunsa

Duk wanda ya saba shiga jirgi daga Kano zuwa Abuja ko Legas, da wuya a ce bai taɓa hawa Boeing 737 ba. Idan mutum ya tsaya a gindin matakala ya dubi injin da ke rataye a fiffike, zai lura bakinsa ba cikakkiyar da'ira ba ce. Ƙasansa a shafe yake, gefe da gefe kuma ya ɗan kumbura. Ba bugewa ya yi ba, haka ya fito daga masana'anta. Asalin wannan shafewa wata shawara ce da injiniyoyi suka yanke a yankin Seattle na Amurka tsakanin 1964 da 1965, a kan abin da ba wanda ya ɗauka babban al'amari ne a lokacin, wato tsawon ƙafafun jirgin.

A waɗancan shekarun kamfanin Boeing ya riƙe kasuwar manyan jirage da 707 da 727, amma an riga shi shiga kasuwar ƙanana. Douglas na da DC-9, Ingila na da BAC One-Eleven, dukkansu injunansu a manne a bayan jiki kusa da jela. Joe Sutter, wanda daga baya ya jagoranci ƙera 747, shi da abokan aikinsa suka ɗauki wata hanya: suka maido injunan ƙarƙashin fiffike, suka manna su da shi sosai. Injin da suka zaɓa, JT8D na kamfanin Pratt & Whitney, siriri ne dogo, faɗin fankarsa bai wuce kimanin mita ɗaya ba, don haka ya shige ƙarƙashin fiffiken ba tare da neman wuri mai yawa ba. Suka ɗauko faɗin jikin 707, aka samu kujeru shida a layi, alhali DC-9 biyar yake ɗauka.

Gajartar ƙafafun kuwa da gangan aka yi ta, kuma hikima ce a zamaninta. An ƙera jirgin ne don ƙananan filaye waɗanda ba su da kayan aiki. Yana da matakalarsa da ke naɗewa ta shige ƙarƙashin ƙofa. Masu lodi daga tsaye suke jefa akwatuna cikin cikinsa, ba sai an kawo mota mai bel ba. Makanike yana iya buɗe injin ya duba ba tare da tsani ba. Har wasu aka yi wa kariya ta musamman don sauka a titin tsakuwa. Kamfanin Lufthansa na Jamus ne ya fara yin oda, jirage 21 a watan Fabrairun 1965. Jirgin ya fara tashi ranar 9 ga Afrilun 1967, ya fara jigilar fasinja a Fabrairun 1968. Samfurin farko 30 kacal aka ƙera, amma ƙanensa mai ɗan tsawo, 737-200, ya haura 1,000, kuma Nigeria Airways na cikin kamfanonin da suka yi aiki da shi.

Sai an san yadda ake sarrafa wannan jirgi kafin sauran labarin ya fito fili. Daga sitiyarin matuƙi akwai igiyoyin ƙarfe da suka bi ta ƙarƙashin daɓe har zuwa fikafikai da jela, man haidirolik kuma yana ƙara wa hannun matuƙi ƙarfi. A jela akwai ƙaramin fiffike kwance. Leɓensa na baya shi ke motsi idan an ja sitiyari ko an tura. Amma shi kansa fiffiken jelar gaba ɗayansa yana karkata, ta hanyar wani ƙaton sukuru da motar lantarki ke juyawa, kuma ya fi leɓen ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda ya fi shi girma. Da shi ake daidaita jirgi don kada matuƙi ya wuni yana riƙe da nauyi a hannu. Akwai maɓalli a ƙarƙashin babban yatsan matuƙi na juya sukurun. Kusa da gwiwar kowane matuƙi akwai wata ƙafa mai kama da ta keken ɗinki wadda ke juyawa da ƙara duk sa'ad da jelar ta motsa, tana da mariƙi da ake zarowa a juya da hannu. Ƙasa kaɗan kuma akwai makunnai biyu na yanke wa motar wuta. Waɗannan abubuwa suna nan tun 1967 har zuwa yau.

A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, kuma unguwannin da ke kusa da filayen jirage sun gaji da ƙarar injuna irin JT8D. Maganin duka biyun ɗaya ne. Injin jet yana tafiya ne da tura iska baya, kuma tura iska mai yawa a hankali ya fi tura iska kaɗan da tsananin gudu sauƙin mai da sauƙin ƙara. Shi ya sa aka koma sa wa inji ƙatuwar fanka a gaba, yawancin iskar da ta zuƙo ta bi ta gefe, kaɗan ce ke shiga inda wuta ke ci. A JT8D iskar gefe da ta ciki kusan ɗaya suke. A injunan da suka biyo baya ta gefe ta ninka sau biyar ko fiye. Tun daga nan dokar sana'ar ta zama guda: wanda ke son rage shan mai, sai ya faɗaɗa fanka.

General Electric na Amurka da Snecma na Faransa suka haɗa gwiwa a 1974 suka kafa CFM, suka ƙera injin CFM56. Da Boeing ya so ɗora shi a 737, sai ya ƙi shiga. Faɗin fankarsa ya haura santimita 170, ƙarƙashin fiffiken kuwa babu wannan fili. Me ya hana a ƙara wa ƙafafun tsawo? Ƙafafun baya suna naɗewa ne ciki su kwanta a tsakiyar cikin jirgin, tayoyin ma a fili suke ba murfi, kuma ramin nasu yana daidai inda fiffike ya haɗu da jiki, wurin da ya fi ko'ina wuyar taɓawa. Ƙara tsawo yana nufin sake wannan wuri duka. Sannan idan jirgin ya ƙara tashi daga ƙasa, ƙofofin gaggawa na saman fiffike za su buƙaci sulɓin roba na sauka, wanda 737 ya tsira daga sawa saboda gajartarsa. Wanda ya taɓa nan, ya kama hanyar ƙera sabon jirgi da neman sabuwar takardar amincewa.

Sai aka bi ta wata hanya. An rage fankar zuwa santimita 152. An zaro injin daga ƙarƙashin fiffike aka turo shi gaba aka ɗaga shi. Akwatin giya da famfunan da aka saba ɗaurawa a ƙasan inji aka mayar da su gefe, aka shafe ƙasan rigar injin don kada ya goge titi. Asalin bakin nan da ba da'ira ba ke nan. 737-300 ya tashi a Fabrairun 1984, ya yi farin jini sosai. Ya kuma zo da wani abu da bai ja hankalin kowa ba: tunda injunan sun fi ƙarfi kuma suna ƙasa da fiffike, suna ɗaga hancin jirgi idan an ba su wuta a ƙaramin gudu, sai aka sa wata na'ura mai taɓa jela da kanta kaɗan-kaɗan bayan tashi. Matuƙan 737 suka saba da jin ƙafar nan ta gwiwa tana juyawa ba su taɓa ta ba, har abin ya daina ba su mamaki. Wannan sabo zai yi tsada nan gaba.

An samu gargaɗi tun da wuri. A Janairun 1989 wani sabon 737-400 na British Midland ya faɗi a Kegworth ta Ingila, mutum 47 suka mutu. Reshen fankar injin hagu ne ya karye, matuƙan suka kashe na dama mai lafiya. Cikin dalilan da masu bincike suka kawo har da cewa horon da aka yi musu a kan bambancin sabon samfurin da tsohon gajere ne, ba su kuma taɓa gwada sabon allon injin a na'urar koyon tuƙi ba.

A daidai wannan lokaci Turai ta fito da A320 na Airbus, wanda ya fara tashi a Fabrairun 1987. An zana shi ne daga farko da manyan injuna a zuciya, don haka ƙafafunsa dogaye ne. Babu igiyar ƙarfe tsakanin hannun matuƙi da fiffike. Ɗan sanda ne a gefen kujera, yana aika saƙo ga kwamfutoci, su ne ke motsa fikafikan, kuma suna da hurumin ƙin bin umarnin da zai jefa jirgin cikin haɗari. Matuƙa da yawa sun yi ta gunaguni, Boeing kuma ya mayar da akasin haka abin alfaharinsa, cewa a jirginsa matuƙi ne mai magana ta ƙarshe. Amma Airbus ya san tunda ya miƙa ragama ga kwamfuta dole ya ba ta shaidu da yawa, shi ya sa ma'aunin kusurwar iska uku ya sa, idan ɗaya ya yi ƙarya biyu su ƙaryata shi. Ko hakan bai hana matsala ba: a Nuwamban 2014 biyu daga cikin ukun suka daskare a wani A321 na Lufthansa a samaniyar Sifen, kwamfuta ta gaskata su ta dunƙufar da hanci, sai da matuƙan suka kashe wasu na'urori suka ƙwace jirgin.

Boeing ya amsa da zubi na uku na 737 a 1997: sabon fiffike, sabon allo, fanka mai santimita 155. Igiyoyin ƙarfe suna nan, ƙafafun ba su yi wani tsawon kirki ba, takardar amincewar kuma ta 1967 ce ake yi wa ƙari. A shekarar ce kamfanin ya haɗe da McDonnell Douglas, a 2001 ya ɗauke hedikwatarsa daga Seattle zuwa Chicago, a 2004 ya daina ƙera 757, jirginsa mai layin kujeru irin na 737 amma mai dogayen ƙafafu.

Ranar 1 ga Disambar 2010 Airbus ya sanar da A320neo: jirgin da aka sani, da sababbin injuna masu rage shan mai da kusan kashi 15 cikin 100. Fankar ɗaya santimita 198, ta ɗayan 206, kuma duk sun shige ƙarƙashin fiffike ba tare da wata wahala ba. A lokacin Boeing na tunanin ƙera sabon jirgi daga tushe, aikin da zai ci kusan shekara goma da biliyoyin daloli. Ana cikin haka, a Yulin 2011, American Airlines, wanda ya daɗe ba ya sayen jirgin kowa sai na Boeing, ya shirya sayen ɗaruruwa daga Airbus. Ba a fafe gora ranar tafiya. Boeing ya ajiye maganar sabon jirgi, ya yi alkawarin sa wa 737 sabon inji, ya samu oda 200 cikin 460 da kamfanin ya bayar. A ƙarshen Agusta aka raɗa wa aikin suna 737 MAX. Sunan bai da wata alaƙa da kamfanin Max Air da muka sani.

Injin LEAP da aka yi wa MAX an rage shi zuwa santimita 176, duk da haka ya fi wanda ya gada da santimita 21. Aka ƙara wa ƙafar gaba santimita 20, aka ƙara turo injin gaba, aka ƙara ɗaga shi har saman rigarsa ya kai daidai saman fiffike. A tafiya ta yau da kullum babu wata matsala. Matsalar tana can gefe, inda jirgin fasinja ba ya zuwa sai bisa kuskure.

Wanda ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san abin. Idan ya ɗan karkata tafin sama, iska ta ɗaga hannun. Ya ƙara karkatawa, ta ƙara ɗagawa. Ya wuce wani mizani, ɗagawar ta ɓace, hannun ya koma baya kawai. Haka fiffike yake, kuma wannan kusurwa tsakaninsa da iskar da ke tunkaro shi ita ce rayuwar jirgi. Dokar ƙera jirage ta ce yayin da matuƙi ke jan sitiyari yana kusantar mizanin nan, dole sitiyarin ya riƙa ƙara nauyi a hannunsa, domin hannu ya gaya masa abin da ido bai gani ba. A MAX, idan kusurwar ta yi girma, ita kanta rigar injin, da faɗinta da nisan da ta yi gaba, sai ta fara ɗaukar iska tana ɗaga hanci, sitiyarin ya yi sauƙi a inda ya kamata ya yi nauyi. Ana yawan cewa jirgin ba ya iya tashi daidai sai da kwamfuta. Ba haka ba ne, hukumar kula da jiragen Turai ta gwada shi da na'urar a kashe ta ga yana tafiya. Abin da ya gaza shi ne cika wannan sharaɗi na nauyin sitiyari.

An gwada gyara da ƙarfe, ƙananan sauye-sauye a fiffike, ba su wadatar ba. Sai aka koma ga manhaja, aka rubuta wadda ake kira MCAS. Aikinta shi ne idan kusurwa ta yi yawa, matuƙi na tuƙi da hannu, an kuma naɗe leɓɓan fiffike na tashi, ta juya sukurun jela ta ɗan danna hanci ƙasa.

Wannan a karan kansa ba sabon abu ba ne, ba kuma laifi ba ne. Tun a Oktoban 1963, da jirgin gwaji na BAC One-Eleven ya faɗi ya kashe mutum 7 saboda jelarsa ta shiga inuwar fiffike ta daina aiki, ake sa wa jirage na'urar da ke tura sitiyari da kanta. Boeing ma yana da wata MCAS a jirgin dakon mai na soja, KC-46, mai duba ma'auni biyu, mai sakin jiki da zarar matuƙi ya ja sitiyari. Bambancin ta MAX yana cikin yadda ta girma a ɓoye. A zanen farko tana motsa jela digiri 0.6 ne kawai, kuma sai abu biyu sun haɗu, babbar kusurwa da matsin juyi mai tsanani a babban gudu. Bayan jirgin ya fara tashi ranar 29 ga Janairun 2016, matuƙan gwaji suka tarar da irin matsalar a ƙaramin gudu ma. A ƙaramin gudu jela na buƙatar motsi mai yawa, kuma babu matsin juyi. Sai aka ɗaga ikon zuwa digiri 2.5, aka cire sharaɗi na biyu. Abin da ya rage shi ne ma'auni ɗaya: ɗan harshen ƙarfe da ke gefen hancin jirgi a waje, yana juyawa da iska, inda tsuntsu ko tsani ko ƙanƙara ke iya samunsa. Jirgin na da irinsa biyu, hagu da dama, amma manhajar ɗaya take saurare a kowace tafiya. Tana aiki na kusan daƙiƙa 10, idan matuƙi ya mayar da jela da maɓallin yatsa ta jira daƙiƙa 5 ta sake, ba iyaka. A tsofaffin 737 jan sitiyari baya yana tsayar da jelar da ke gudu da kanta. A MAX an hana hakan aiki a kan MCAS, don in ba haka ba manhajar ba ta da amfani.

Me ya sa ba a haɗa ma'aunan biyu ba, me kuma ya sa ba a gaya wa matuƙa ba? Amsar tana wajen kuɗin horo. Abin da ake tallar MAX da shi shi ne matuƙin tsohon 737 zai hau shi ba sai ya shiga na'urar koyon tuƙi ba, wadda ke cin kuɗi da kwanakin aiki. Binciken majalisar wakilan Amurka na 2020 ya nuna Boeing ya yi wa kamfanin jiragen Southwest alkawarin ragin dala miliyan 1 a kan kowane jirgi idan har aka wajabta wannan horo. Duk wani sabon gargaɗi a allo ko sabon babi a littafi yana iya jawo wajabcin. Saboda haka aka nemi FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta yarda a cire MCAS daga littafin matuƙa, ta yarda, sashen da ya yarda kuwa bai san an ninka ikon manhajar sau huɗu ba. Lissafin kamfanin shi ne idan ta tashi bisa kuskure, matuƙi zai gane cikin daƙiƙa kaɗan cewa jela ce ke gudu, ya kashe makunnan nan biyu. Har fitilar da ke nuna ma'aunan biyu sun saɓa ba ta aiki a yawancin jiragen saboda wani kuskuren manhaja, kamfanin ya gano tun 2017 ya bar gyaran sai gaba. FAA ta amince da jirgin a Maris na 2017. Horon da matuƙa da yawa suka samu darasi ne na kusan awa ɗaya a kan iPad.

Ranar 29 ga Oktoban 2018 jirgin Lion Air mai lamba 610 ya tashi daga Jakarta da mutum 189. Jirgin bai fi wata uku a hannun kamfanin ba. Ma'aunin hagu, wanda aka sauya a Bali da wani da aka gyara a Florida, yana ƙara kusan digiri 21 a kan gaskiya. A tafiyar daren da ya gabata abin ya faru, wani matuƙi da ya roƙi a rage masa hanya yana zaune a kujerar baya ya ba da shawarar kashe makunnan, suka sauka lafiya, amma rahoton da suka rubuta bai faɗi komai da komai ba. Da safe, tun daga tashi sitiyarin kyaftin ke karkarwa yana gargaɗin ƙarya, ma'aunan gudu da na tsawo sun saɓa, ana ta duba littafi ana neman abin da ba a rubuta a ciki ba. Fiye da sau 20 manhajar ta danna hanci, kyaftin Bhavye Suneja yana mayarwa da yatsa. Da ya miƙa tuƙin ga mataimakinsa don ya duba littafin da kansa, mataimakin bai riƙa mayarwa yadda ya isa ba. Kimanin minti 13 da tashi suka faɗa tekun Java.

A nan ne, a ganina, laifin ya tashi daga kuskuren zane ya zama wani abu daban. Yanzu kowa ya san da MCAS. FAA ta fitar da umarnin gaggawa tana tuna wa matuƙa makunnai biyu. A Disamba masananta suka yi lissafi a cikin gida cewa idan ba a gyara ba, ana iya samun irin wannan hatsari kusan 15 a tsawon rayuwar jiragen. Aka bar su suna tashi ana jiran sabuwar manhaja.

Ranar 10 ga Maris na 2019 jirgin Ethiopian Airlines mai lamba 302 ya tashi daga Addis Ababa zuwa Nairobi da mutum 157 daga ƙasashe 35, da yawansu za su taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikinsu akwai 'yan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Jim kaɗan da barin ƙasa ma'aunin hagu ya yi tsalle zuwa sama da digiri 70. Masu binciken Amurka da Faransa sun ce da alama tsuntsu ne ya buge shi, na Habasha suka ce matsalar lantarki ce. Kyaftin Yared Getachew da mataimakinsa Ahmed Nur Mohammed sun yi abin da aka ce a yi, sun kashe makunnan. Amma sun kashe ne bayan manhajar ta riga ta karkatar da jela sosai, injuna kuma suna nan a ƙarfin tashi ba a rage ba, gudu yana ta hauhawa. Saura mariƙin hannu. A irin wannan gudu, kyaftin na jan sitiyari da iya ƙarfinsa, nauyin iska a kan jela ya danne sukurun, mataimakin ya gwada juyawa ya ce ba ya motsi. Tsofaffin littattafan 737-200 sun koyar da dabarar wannan hali, a saki sitiyari na ɗan lokaci nauyin ya ragu, a juya, a sake ja, amma an daɗe da daina koyar da ita, kuma tana son sarari a ƙasa wanda ba su da shi a saman tsaunukan Habasha. Ƙafar juyawar ma an rage mata girma tun zubin 1997. Da suka rasa yadda za su yi suka maido wuta don su yi amfani da maɓallin yatsa. Suka taɓa shi kaɗan, daƙiƙa 5 suka wuce, manhajar ta dawo. Minti 6 da tashi jirgin ya nutse a gona kusa da Bishoftu.

Washegari Sin ta dakatar da jirgin, ƙasashe suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, Najeriya ma ta rufe masa samaniyarta. Amurka, wadda duniya ta saba jira ta fara magana, sai ranar 13 ga wata ta bi sahu. Jirage 387 suka zauna a ƙasa wata 20. An yi ta ƙoƙarin jingina abin ga matuƙan ƙasashe masu tasowa, kuma gaskiya ne rahotanni sun sami kurakurai wajen gyara da wajen tuƙi. Sai dai hukumar binciken haɗurra ta Amurka da kanta ta ce zaton da aka yi game da saurin ganewar matuƙi bai yi la'akari da gargaɗi barkatai da ke tashi lokaci guda ba. Mutum 346 ne suka mutu kafin a yarda da hakan. An sallami shugaban kamfanin, Dennis Muilenburg, a Disambar 2019. A Janairun 2021 Boeing ya amince da biyan dala biliyan 2.5 kan tuhumar yaudarar FAA, wanda dala miliyan 500 ne kawai a ciki na iyalan mamata, kaso mafi tsoka na kamfanonin jirage ne.

Gyaran da aka yi bai da wani sarƙaƙiya, abin da ke ƙara ɓata rai ke nan. Yanzu manhajar tana duba ma'aunan biyu, idan suka saɓa da fiye da digiri 5.5 ta janye. Sau ɗaya take aiki a kowane tashin kusurwa, kuma ba ta karkatar da jela fiye da abin da matuƙi zai iya rinjaya da sitiyari. An wajabta horon na'urar koyon tuƙi. FAA ta sake jirgin ranar 18 ga Nuwamban 2020, Ethiopian kuwa sai Fabrairun 2022 ya sake ɗaukar fasinja da shi.

Su kuwa ƙafafun, a ƙarshe an taɓa su. MAX 10, mafi tsawo a dangin, jikinsa ya yi tsawon da idan ya ɗaga hanci zai tashi jelarsa na iya gogar titi. Sai aka ƙera masa ƙafa mai miƙewa da kusan santimita 24 a lokacin tashi, wadda ke sake tsukewa kafin ta naɗe, domin ta shiga ramin da ta tarar. Ya fara tashin gwaji a Yunin 2021. Shekarar 2024 ta ƙare shi da ƙaramin ɗan'uwansa MAX 7 ba su sami takardar ɗaukar fasinja ba, kuma babban abin da ya riƙe su yana jikin injin: na'urar da ke hana ƙanƙara taruwa a bakinsa tana iya zafafa rigar fiye da kima idan aka bar ta a kunne cikin busasshiyar iska.